Modem ɗaya, kira ya fita, kira ya shigo: yaya ake saita shi?

Wani mai shagon buga takardu a kusa da Babbar Kasuwar Yamai ya kawo mini tsohuwar kwamfuta da modem ɗinta, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. Yana da layin tarho na bango, yana son ya riƙa kira da ita, kuma ta amsa in an kira ta daga Tawa. Ga abin da ya tambaya da abin da na faɗa masa.

Malam, mece ce ƙofar modem ɗin nan?

Ita ce hanyar da kwamfuta ke magana da modem. Windows na kiran ta COM1 ko COM2, a Linux kuwa COM1 ita ce ttyS0. Modem na waje ana jona shi a ramin nan mai allura tara na bayan kwamfuta. Sa gudun ƙofar a 115200, tsarinta 8-N-1. Ka kuma duba bayan modem: wayar bango tana shiga ramin LINE, ba na PHONE ba.

Ta yaya zan san yana jin magana?

Buɗe HyperTerminal, manhajar tsohuwar Windows da ake rubuta wa modem umarni a ciki, zaɓi ƙofar, rubuta AT. In ya ce OK, kun fahimci juna. Wannan yare kamfanin Hayes ne ya fito da shi a 1981. Don kira, rubuta ATDT da lambobi takwas na tarhon da kake kira. In ya ce NO DIALTONE, matsalar layi ce, ka ɗaga tarho ka saurara kafin ka zargi kwamfuta.

To, amsa kira fa?

Nan ne aikin yake. Modem na da wani ma'aji, S0, mai riƙe da yawan ƙarar da zai jira. ATS0=2 na nufin ya ɗauka a ƙara ta biyu, ATS0=0 kuma kada ya ɗauka. AT&W ke adana saitin ko da an ɗauke wuta.

Amma ɗauka kawai ba ta isa ba, sai da manhajar da ke tsaye a bakin ƙofa. A Windows XP ana buɗe sabon haɗi a zaɓi karɓar kira mai shigowa. A Linux mgetty ke wannan aiki, kuma ita da kanta take aika ATA, umarnin ɗaukar kira, in ta ga RING, alamar kira ya shigo, don haka a bar S0 a sifiri. Abin da na fi matsa wa mai shagon a kai shi ne kalmar sirri. Duk wanda ya san lambarka zai iya ƙwanƙwasa wannan ƙofa da tsakar dare. Ware suna ɗaya ga mutumin Tawa, kalmarsa mai tsawo. In kuma layin ne abokan ciniki ke kira da rana, bar amsar sai bayan an rufe shago, kada su ji kururuwar modem a kunne.

Zai kira kuma ya amsa a lokaci guda?

A'a. Layi ɗaya, kira ɗaya. Mai neman ka zai ga BUSY.

Kwalin ya ce gudunsa 56k ne, me ya sa nake ganin 33,6?

Tsarin V.90 na 1998 yana kai 56k ne in ɗayan ɓangaren na kamfanin intanet ne mai layin dijital. Tsakanin modem biyu irin naka, iyakar ke nan.

Da damina fa?

Hadari na tasowa, zare wayar bango daga LINE. Kashe kwamfuta bai wadatar ba, tsawa ta wannan siririyar waya take shigowa.