Mene Ne Adlai, Kuma Gero Ne Da Gaske?

Adlai hatsi ne na kudu maso gabashin Asiya, wanda a kasuwannin duniya ake lissafa shi cikin dangin gero. Masana tsirrai na kiransa Coix lacryma-jobi, wato hawayen Ayuba, saboda siffar 'ya'yansa. A Koriya sunansa yulmu, a Japan hatomugi.

Asalinsa ciyawar daji ce mai son damshi, tana fitowa a bakin rafi da fadama, tsayinta mita 1 zuwa 2. Ba ta mutuwa bayan kaka, saiwarta kan sake tohowa shekara bayan shekara. Kowace ƙwaya tana cikin ƙoƙo mai sheƙi, mai taurin dutse, da rami a tsakiya tun daga halitta, shi ya sa ake zura masa zare a yi carbi da sarƙar wuya.

Na gona, wanda ake ce wa ma-yuen, daga wannan ciyawa manoma suka zaɓo shi. Bambancin duk a ɓawo yake: nasa siriri ne mai zane-zane a tsaye, farce ma na fasa shi. Ana shuka shi da zurfin kamar santimita 5, a girbe cikin wata 4 zuwa 6.

To gero ne? Ba irin namu ba. A zuri'a ya fi kusa da dawa da masara. Sunan kasuwa ne kawai ya haɗa shi da gero, kuma masu sayar da shi da sunan sha'ir ɗin Sin su ma sun ɓata lissafi.

Inda manomi ke asara shi ne wajen iri. Furen namiji da na mace daban suke a jikin tsiro ɗaya, iska ce ke kai ƙurar fure. In na daji na kusa da gona sai su yi barbara, irin baɗi ya fito da ɓawon da ba ya surfuwa, kamar yadda shibra ke ɓata gero a Nijar. Dole a tuge na dajin kafin ya yi fure. Ƙwayoyin kuma ba sa nuna lokaci guda, wanda ya jinkirta girbi zai tarar sun zube ƙasa.

A adana shi da ɓawonsa, don surfaffe yana da mai, yana saurin yin wari. Wajen girki a jiƙa shi ya kwana, sannan a tafasa kusan awa 1.