Karatun mastar na lafiyar al'umma a fannin rigakafin cututtuka masu yaɗuwa

Karatun mastar na lafiyar al'umma a fannin rigakafin cututtuka masu yaɗuwa, karatu ne na gaba da digirin farko da ake koya ma mutum yadda cuta take shiga cikin jama'a, yadda ake gano ta da wuri, da yadda ake tare ta tun kafin ta zama annoba. Lokotoro na asibiti mutum guda yake dubawa ya rubuta mishi magani, shi kuwa wanda ya yi wannan karatu gari gaba ɗaya yake dubawa, ko gunduma, ko jaha. A tsarin LMD (lisansi, mastar, doktora) da jami'o'in Nijar ke bi shekara 2 ne bayan lisansi, kuma ba likitoci kaɗai ke shiga ba, akwai ma'aikatan jinya, ungozoma, masu aikin labo, likitocin dabbobi, har da waɗanda suka karanta lissafi.

Abin da ake koyarwa

Ginshiƙin karatun shi ne ilimin bin diddigin cuta, wato a san wa ta kama, a ina, yaushe, kuma me ya haɗa su. Ana yawan farawa da labarin John Snow, likitan Ingila da a 1854 ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a Landan har ya gane famfon ruwa guda ne tushen abin. Sai lissafin ƙididdiga, wanda shi ne ɗalibai suka fi jin tsoro amma babu makawa sai da shi, sai ilimin ƙwayoyin cuta, da sha'anin allurar rigakafi, da tsabtace asibiti don kada mara lafiya ya zo da ciwo ɗaya ya koma gida da biyu.

Inda karatun ke nuna amfaninsa sosai shi ne sa ido. Kowane mako majo, wato shugaban ƙaramin asibiti na CSI, yana cika takardar cututtukan da doka ta ce a sanar, sanƙarau, ƙyanda, kwalara, shan inna da sauransu, takardar ta tafi gunduma, daga can jaha, daga can Yamai, wannan shi ne tsarin sa ido kan cututtuka da ɗaukar mataki da ake kira SIMR, wanda ƙasashen Afirka na hukumar lafiya ta duniya OMS suka amince da shi a 1998. To wanda ya yi wannan karatu shi ne zai dubi lambobin nan ya ce akwai matsala. Misali a sanƙarau, in an samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda an shiga matakin faɗakarwa, in sun kai 10 an shiga annoba kenan, sai a nemi allura a fito. Mako ɗaya da aka yi jinkirin aika takarda ko aka ƙi ɗibar ruwan baya a kai labo, wallahi rayuka ne, kuma wannan ba abu ba ne da ake gyarawa daga baya.

Haka batun sanyi. Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, duk wanda ya san zafin Maraɗi a watan Afrilu da yadda wuta ke ɗaukewa ya san wannan darasi ba na takarda ba ne. Ƙyanda kuma don tsananin yaɗuwarta sai kusan kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu allura biyu kafin a ce gari ya tsira.

Inda ake yin sa

A Nijar akwai sashen kimiyyar lafiya na jami'ar Abdou Moumouni da kuma cibiyar koyar da lafiyar al'umma ta ISP a Yamai, ita ma jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi tana da sashen kimiyyar lafiya nata. Da yawa daga manyan ma'aikatan ƙasashen da ke aiki da Faransanci a cibiyar koyar da lafiyar al'umma ta IRSP da ke garin Wida a Benin suka yi nasu. Masu jin Ingilishi kan tsallaka Zariya ko Ibadan, inda shirin horon bin diddigin cuta na Najeriya ya fara a 2008. Irin wannan horo da ake kira FETP an kwaikwayo shi ne daga wani shiri da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta kafa a 1951, mafi yawansa a fili ake yi ba a aji ba, akwai na wata 3 don ma'aikatan gunduma, akwai cikakke na shekara 2. Ƙarshen mastar ɗalibi yana yin sitaj ya rubuta kundin bincike ya kare shi gaban malamai.

Maraɗi da wannan ilimi

Jihar Maraɗi na cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya nau'in A na ƙwayar sanƙarau, amma a 2015 nau'in C ya tashi ya kama mutum sama da 8,000 a Nijar, abin da ya nuna ba a sakin sa ido don an ci nasara sau ɗaya, kuma a irin wannan lokaci labon CERMES na Yamai shi ke tantance nau'in ƙwayar. A 2018 kwalara ta ɓulla daga yankin Madarunfa ta kama dubbai. Ga masassarar cizon sauro da ke cika gadajen yara kowace damina, shi ya sa ake rabon maganin rigakafi na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda OMS ta ba da shawararsa a 2012.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, nan ba wurin karɓar ilimi ba ne kawai, ana samar da shi ma. A Madarunfa cibiyar bincike ta Epicentre ta ƙungiyar likitocin agaji MSF ta gwada allurar Rotasiil mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, sakamakon ya fito a 2017, ta rage zawo mai tsanani na rotabirus da kusan kashi 67 cikin ɗari. 'Ya'yan yankin nan ne suka bi gida-gida suka tattara bayanan, ya kamata a ce su ne ke samun burs su yi mastar su ja irin wannan bincike da kansu.

Matsalar da ta fi damuna ita ce inda ƙwararrun ke ƙarewa. Karatun na da tsada, wanda ya gama sai ofis a Yamai ko ƙungiyoyin waje masu albashi mai kauri su ɗauke shi, gundumar da ke bakin iyaka kuwa ta zauna da mutum ɗaya yana riƙe da sa ido da allura da rahoto duka. Alhali tsakanin Dan Isa da Jibiya mutane na kai da kawo kullum, kasuwa ɗaya, dangi ɗaya, cutar da ta tashi a Katsina kwana kaɗan ne ta iso Maraɗi, to dole a samu wanda ya iya karanta lambobi a ɓangarorin biyu kuma yana da lambar wayar takwaransa na tsallake.