Iska mai karfi ta wuce, lambu ya kwanta, bishiya ta karye: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da zafi ya kai makura hadari ya fara haduwa da yamma, masu dan lambu a gida da masu bishiya a tsakar gida tambayoyinsu kusan iri daya ne. Na tattaro wadanda aka fi yi, kuma tun yanzu bari in fada, abin da yafi damuna shine saurin daukar gatari da mutane keyi washegarin guguwa, bishiyoyi da yawa ba iska ce ta kashe su ba, gaggawar mai gida ce.

Wai me yasa guguwar lokacin zafi tafi barna a bishiyoyi?

Dalili biyu ne suka hadu. Na farko yadda hadarin kansa ke haduwa, rana ta gasa kasa tun safe, iska mai dumi da danshi ta tashi sama da gudu, ta tarar da sanyi a can, gajimare yayi tsororo har ya wuce kilomita 10. To abin da ya tashi sai ya sauko, iska mai sanyi da nauyi tana rikitowa tare da ruwan, in ta bugi kasa sai ta bazu ta ko ina da karfin tsiya, ita ce wannan iskar mai sanyi da kake ji tana kadawa kafin ruwa ya sauka. Wani masani dan asalin Japan a jami'ar Chicago, Ted Fujita, shi ya fito da bayanin irin wannan rikitowar iska a shekarun 1970, kuma ya gane ta ne daga yadda yaga bishiyoyi sun zube sun watsu waje daga wuri daya.

Na biyu ita bishiyar, a lokacin ganye ya cika ta makil, ga ruwa ya jika shi ya kara nauyi, iska bata samun hanyar wucewa sai dai ta ture. Kuma karfin bugun iska ba daidai da gudunta yake karuwa ba, in gudun ya ninka biyu karfin turin yakan ninka hudu. A ma'aunin karfin iska na Beaufort, wanda wani hafsan jiragen ruwan Ingila ya tsara a 1805, iska mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa tana karya kananan rassa, in ta kai 89 zuwa 102 kuwa bishiya take tugewa. Hukumar yanayi ta Amurka tana kiran hadari mai tsanani in iskarsa ta kai wajen kilomita 93 a awa ko kankararsa ta kai fadin santimita biyu da rabi. Ranar 10 ga Agusta 2020 irin wannan iska ta ratsa jihar Iowa da gudun da aka kiyasta ya kai kilomita 225 a awa a wasu wurare, birnin Cedar Rapids ya rasa fiye da rabin inuwar bishiyoyinsa a rana daya. Irin wannan kam ba dabarar da zata tsare, amma yawancin guguwa bata kai nan ba.

Bishiyata lafiyarta kalau ga ganye shar, ta fadi, wata tsohuwa kusa da ita tana nan tsaye. Ya akayi?

Amsar tana karkashin kasa inda baka gani. Mutane da yawa suna zaton saiwar bishiya tana nutsawa kasa ne daidai tsayin da bishiyar tayi sama, gaskiya ba haka bane, mafi yawan saiwar tana cikin santimita 60 na saman kasa, a shimfide take kamar faifai, kuma takan wuce fadin rassan sau biyu ko uku. Wannan shimfidar ce ke rike bishiya. To ka duba me ya faru da ita a shekarun baya, an haka ramin bututun ruwa ta gefenta? an zuba ginshikin katanga? an malala siminti har gindi? mota tana fakin a karkashinta kullum kasar ta daddale? Duk wadannan suna cin saiwa a hankali, ganye kuma baya nunawa da wuri, bishiya zata iya shekaru tana kore alhali rabin abin da ke rike da ita ya tafi.

Sai ruwa yazo ya karasa aikin. In kasa ta sha ruwa ta koshi ta zama tabo bata rike saiwa kamar da, shi yasa sau da yawa ba guguwar farko ke kada bishiya ba, ta biyu ce ko ta uku bayan an kwana biyu ana ruwa.

Akwai kuma laifin da akayi tun ranar dashe. Dashen da ya dade a leda ko tukunya saiwarsa tana nannadewa tana zagaye, in ba a warware ta ba haka zata cigaba har ta shake gindin. Ga masu ban ruwa kadan kadan kullum a gindi, saiwa bata ga dalilin tafiya nesa ba. Sannan a sama, in kaga gangar jiki ta rabu biyu daidai wa daida da matsattsen tsakani, bawo ya makale a ciki, to nan wurin bai hade da kyau ba, nan yake tsagewa. Laimar kwadi ko naman gwari da ya fito a gindi, rami a jiki, sautin holoko in ka kwankwasa, duk alamar rubewa ce ta ciki.

Reshe ya karye yana lilo, me zan fara yi?

Ka fara daga kai sama da kuma duba kasa kafin ka taba komai. In akwai wayar wuta da ta tsinke ko reshe ya kwanta a kanta, ka ja baya akalla mita 10, ka hana yara da dabbobi zuwa, ka kira masu wuta, kar ka ce ai an dauke wuta, baka san lokacin da zata dawo ba kuma jikakkiyar kasa tana daukar wuta. Reshen da ya lankwashe wani abu ya danne shi shima hatsari ne, kana yankawa zai fallo ya bugeka. Duk aikin da sai ka hau tsani rike da zarto ko injin yanka, dan Allah ka barwa wanda ya iya, ana jin rauni sosai wajen gyaran bayan guguwa.

Wanda hannunka ya kai daga kasa kuwa, ka yanke shi da tsafta kar ka fizge. In yana da nauyi yanka uku akeyi, ka fara dan tsaga shi ta kasa nesa kadan da jiki, sai ka yanke ta sama gaba da wannan tsagar reshen ya fadi ba tare da ya yage bawo ba, sannan ka dawo ka cire dungun da ya rage. Akwai dan kumburi a inda reshe ya hadu da jiki, ka yanke a bakinsa, kar ka shafe shi, daga nan ne sabon nama ke fitowa ya rufe ciwon.

In shafa fenti ko kwalta a wurin yankan?

A'a. An dade ana yi, amma binciken Alex Shigo na hukumar gandun dajin Amurka tun shekarun 1970 ya nuna bishiya da kanta take killace ciwo ta ciki ta tare rubewa, shafe shafen nan basa hana ruba, wani lokaci ma danshi suke rikewa. Yanka mai kyau da iska sun isa.

Ta yaya zan gane wadda zata rayu da wadda sai an sare?

Abin da masu aikin bishiya suka saba dubawa shine, in fiye da rabin rassan yana nan, gangar jiki bata tsage ba, saiwa bata dago ba, to a bata lokaci, bishiya mai lafiya tana farfadowa fiye da yadda kake zato. In jikin ya tsage har kasa, ko kasa ta dago ta gefe daya ta dare bishiyar ta karkata tana fuskantar daki, wannan ba ta jira bace. Wadda ke tsakani kuma in bata barazana ga kowa, ka cire karyayyun rassa ka barta ta shekara ka ga tohon da zata yi. Sarewa minti talatin ne, inuwa irin tata kuwa sai ka jira shekara goma sha ko ashirin.

Wasu suna cewa a sare kan bishiya gaba daya a barta gundul don kar iska ta kada ta?

Wannan dabi'ar tana bani takaici wallahi. Eh, shekarar farko iska ba abin da zata kama. Amma bishiyar don ta ceci ranta sai ta fitar da tsiraye barkatai daga bakin yankan, suna girma da sauri, kuma a fatar waje kawai suke makale ba su da tushe a cikin itacen, ga manyan raunukan suna rubewa daga sama. Bayan yan shekaru ka samu dogayen rassa masu nauyi zaune akan rubabben dungu, wato ka kera da hannunka abin da kake gudu. Sassabe mai amfani shine na tun tana karama, a bar jiki daya ya jagoranta, a cire matattun rassa da masu gogar juna, kuma kar a cire fiye da kashi daya cikin hudu na ganyen a shekara daya.

Karamar bishiya ta karkata, zan iya mikar da ita?

In karama ce wadda bata dade da dashe ba, eh, kuma da wuri tun kasa na da laushi saiwar bata bushe ba. Ka tura a hankali, ka mayar da kasa ka danna da kafa, ka bata ruwa, ka kafa turaku biyu ko uku. Dauri da kyalle mai fadi ko tsohuwar roba, banda waya don tana cin bawo. Kar ka daure tamau, motsin da iska ke mata shi ke sa gindi yayi kauri, kuma ka kwance bayan kamar shekara. Babbar bishiya da ta dago saiwa kuwa ko an mikar ba ta sake kamawa yadda za a amince mata.

To kayan lambu fa? tumatir da masara duk sun kwanta, ruwa ya tsaya a kunya.

Ruwan da ya tsaya yafi iskar hatsari. Saiwa tana numfashi, in ruwa ya cike kofofin kasa iska ta kare, tumatir da barkono da wake sukan fara yaushi cikin kwana daya zuwa biyu, sai kaga shuka a cikin ruwa amma kamar kishi take ji. Don haka aikin farko ka bude wa ruwa hanya ya fita. Bayan nan ka daure ka bar wurin, taka jikakkiyar kasa yana daddale ta, taba jikakken ganye kuma yana yada cuta daga wannan shuka zuwa waccan.

Masarar da ta kwanta bata karye ba, musamman wadda bata fitar da kai ba, takan lankwaso ta tashi da kanta cikin yan kwanaki, masu mikar da ita da karfi su ke karya ta. Tumatir ka daga a hankali ka daure a sanda, ka cire ganyen kasa da tabo ya fallatsa musu don ta nan cututtukan ganye ke hawa. In bayan sati ganye ya fara rawaya mai yiwuwa ruwa ya wanke taki ne, a kara kadan bayan kasa ta tsane, ba tana jagab ba. Abu daya da bana sassauci akai, in ruwan ambaliya ne daga titi ko kwata ya shiga lambun, duk ganyen da ake ci danye kamar latas a zubar, wanki baya fitar da abin da ruwan ya kawo.

Kankara ta farfasa ganye, shikenan?

Ba lallai ba. Ganyen da ya yage amma yana kore har yanzu yana ciyar da shukar, ka barshi. Abin dubawa shine kan tsiro da kara, in suna nan zata sake. Yayan da suka fashe a cire kafin su rube su jawo kwari. Ka bata kwana bakwai zuwa goma kafin ka yanke hukunci.

Tsawa ta fada wa bishiya, zata mutu?

Walkiya tana dumama iskar da ta ratsa har wajen digiri 30,000, ruwan cikin bishiya ya tafasa nan take ya zama tururi, shi ke fasa bawo ya bar doguwar tsaga daga sama har kasa. Wata ta rayu da tabon, wata kuma a ido ba komai amma saiwa ta kone, sai bayan makonni ko watanni ta bushe, don haka sai an sa ido. Kai kuma kar ka taba fakewa karkashin bishiya ana tsawa, kuma kar ka fita ceton shuka. Karar tsawa tana tafiyar kilomita daya cikin kamar sakan uku, in dai kana jin rugugi to kana inda tsawar zata iya fadowa, a jira minti 30 bayan rugugin karshe.

Kafin hadari ya hado me zan iya yi?

Tun kafin lokacin ka zagaya bishiyoyinka ka duba gindi da mahadar rassa, wadda kake shakka a kanta kuma tana kusa da daki ka nemo wanda ya sani ya gani. Ka shimfida ciyawa ko busasshen ganye kaurin yatsu uku zuwa hudu a karkashi amma kar ya taba jikin bishiyar, yana hana ruwa daddale kasa da fallatsa tabo. Ban ruwa ya zama mai yawa jefi jefi kuma can wajen karshen rassa. Sandunan tumatir a kafa su tun ranar dashe, kunya a daga ta in wurin kwari ne, magudana a yashe. Shingen shuke shuke ko raga mai barin iska ta dan ratsa yafi toshasshen bango kare lambu, don iska in ta haura bango juyowa take ta bugi abin da ke bayansa. Ranar da kaga gari ya hade kuwa, tukwanen fure a sauke su kasa a jingina a lungu, kananan shuka a kife musu bokiti a dora dutse, duk wani kwano ko kujera da iska zata iya dauka a shigar ciki, abin da ya nuna a tsinke, sannan kowa ya shiga daki.