Illolin shigar bakteriya cikin jini

Jinin mai lafiya ba ya ɗauke da ƙwayar cuta. Idan bakteriya ta kutsa cikinsa daga huhu, mafitsara, hanji, miki, cibiyar jariri ko mahaifar mai jego, garkuwar jiki takan tashi yaƙi har ta wuce gona da iri, ta shiga ɓata sassan da take karewa. Wannan hali shi likitoci ke kira sefsis, ma'aikatan lafiya a Nijar kuma su ce saftisemi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 suka kamu, miliyan 11 suka rasu.

Ɓarnar takan fara daga jijiyoyin jini. Suna saki, suna yoyo, ruwan jini ya tsiyaye cikin tsoka, tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ya faɗi. Ƙoda na cikin waɗanda ke saurin jigata: fitsari ya ragu ƙasa da rabin mililita kan kowane kilo na nauyin jiki a awa ɗaya, wani lokaci sai da wankin ƙoda. Huhu ya cika da ruwa, ƙwaƙwalwa ta rikice, hanta ta gaza har ido ya yi rawaya. A wajen babba, alamu uku na tsoratar da likita: numfashi 22 ko fiye a minti, tansiyon sama 100 ko ƙasa, da gushewar hankali.

Illa mafi ban mamaki ita ce ta daskarewar jini. Ƙananan gudaji na toshe siraran jijiyoyi ko'ina a jiki, har sinadaran daskarwa su ƙare. Sai ga mutum jininsa na daskarewa a yatsu yana kuma zuba ta dasashi da gurbin allura. Yatsun kan yi baƙi, wani lokaci dole a yanke. Ƙwayar sanƙarau ta yi suna wajen haka, da tabo masu duhu a fata waɗanda ba sa ɓacewa ko an danna. Jihar Damagaram ta san ta: daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau, 18 suka rasu.

Jini kuma kan kai ƙwayar ta yi sabuwar sheƙa nesa da mafarinta. Stafilokok, mai haddasa maruru, kan manne a ƙofofin zuciya ko ta tara mugunya a ƙashi da gwiwa. Wata bakteriyar, salmonela, kan shiga ƙashin masu amosanin jini, saboda saifarsu ta raunana tun ƙuruciya, tana kuma yawan kama yara masu tamowa.

Babban tarko a nan shi ne kamannin sefsis da zazzaɓin cizon sauro. Gwajin sauro na iya nuna cutar alhali bakteriya na cikin jini tare da ita, a yi ta ba da maganin zazzaɓi kwana biyu ana jiran sauƙi. Jariri ma sau da yawa ba ya zafi. Jikinsa sanyi yake yi, ya ƙi nono.

A asibiti ana ɗiban jini don gano ƙwayar kafin a fara magani, amma ba a jiran sakamako: idan tansiyo ya faɗi, ana yin allurar kashe bakteriya irin su seftiriyazon ta jijiya cikin awa ɗaya. Babba kan samu ƙarin ruwa kimanin mililita 30 kan kowane kilo a awa uku na farko. Yara ba haka ba: binciken da aka buga a 2011 daga Gabashin Afirka ya nuna ɗura musu ruwa da sauri ya ƙara mace-mace. Idan akwai mugunya ko ragowar mabiyiya a mahaifa, sai an fitar, in ba haka ba allura kaɗai ba ta isa.

Waɗanda suka tsira wasu kan yi watanni da kasala da mantuwa, ko raunin ƙoda. Yaron da sanƙarau ya kama ana gwada jinsa bayan sallama, domin kurumta na cikin abin da ya fi barin wa yara.