Narkar da gaurayen sinadarai a cikin misel

Misel wani ɗan ƙanƙanin dunƙule ne da ƙwayoyin safaktan suke yi a cikin ruwa. Safaktan shi ne sinadarin da ke aiki a sabulu da garin wanki, kuma kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa. Idan safaktan ya yi yawa a ruwa har ya wuce wani ƙayyadadden ma'auni, sai ƙwayoyin su haɗa jelunansu a ciki, su juya kawunansu waje. Tsakiyar dunƙulen ta zama kamar ɗigon mai, kuma a nan ne abubuwan da ba sa narkewa a ruwa suke samun mafaka. James McBain ne ya fara kawo batun irin wannan taruwa a 1913, daga baya G. S. Hartley ya siffanta misel da ƙwallo a 1936. A safaktan da ake kira SDS, misel yana fara samuwa ne a kusan milimola 8 (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) cikin lita ɗaya a zafin digiri 25, kuma ƙwayoyi kusan 60 ne ke haɗa dunƙule guda.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne misel ba ɗaki ɗaya ba ne. Akwai can ƙurya, inda sinadarai irin su heksen da ke cikin man fetur, waɗanda ba su da alaƙa da ruwa ko kaɗan, suke zama. Akwai kuma tsakanin wuyan ƙwayoyin, kusa da kawuna, inda dogayen alkohol ke tsayawa suna leƙen ruwa. Sinadaran da ƙwayoyinsu ke da siffar zobe, irin su benzin da naftalin, sukan raba kansu tsakanin ƙurya da bakin dunƙulen.

Idan sinadari ɗaya ne a ruwan, lissafin ba wuya: da zarar an wuce ma'aunin nan, yawan abin da ke narkewa yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar safaktan. Gauraye kuwa ba ya bin wannan hanya, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure, su auna kowane sinadari shi kaɗai sannan su tara sakamakon. Sinadarai biyu da ke son wuri ɗaya sukan yi rububin wurin, wanda ya fi ƙyamar ruwa ya ture ɗan'uwansa. Amma idan mazauninsu ya bambanta, ɗaya na iya taimakon ɗayan. Wanda ya zauna a baki yakan rage ɗaurin da ke tsakanin ƙuryar da ruwa, dunƙulen ya kumbura, ƙuryar ta ƙara faɗi ga mai zama a cikinta. An ga haka a gaurayen naftalin da fenantirin, wanda shi ma mai zobe ne, inda kasancewar na farko ke ƙara narkewar na biyu.  Misel yana kuma zaɓe: a gaurayen benzin da heksen ya fi ɗaukar benzin, saboda ƙwayarsa ƙarama ce kuma tana iya zama a wurare biyu.

Zafi da gishiri suna canza al'amarin. Gishiri yana rage turjiyar da ke tsakanin kawuna masu cajin lantarki, misel ya samu da wuri kuma ya fi girma.

Jikin ɗan Adam kansa ya dogara da wannan aiki. A cikin hanji, gishirin ruwan matsarmama yana haɗuwa da lesitin, wani sinadari dangin kitse, su yi misel mai ɗaukar kitse, kolestarol da bitamin A, D, E da K a lokaci guda. Gishirin shi kaɗai kolestarol kaɗan yake iya riƙewa, sai lesitin ya shigo ƙarfin ya ƙaru sosai. Idan kolestarol ya fi ƙarfin abin da misel zai ɗauka a cikin matsarmama, sai ya fara daskarewa, kuma daga nan mafi yawan tsakuwar matsarmama ke samuwa.

Masu haɗa magunguna ma suna amfani da misel, kamar yadda ake narkar da maganin sankara docetaxel da wani safaktan mai suna polisobet 80. Haka masu wanke ƙasar da ɗanyen mai ko kwalta ya gurɓata, waɗanda ke fuskantar ɗaruruwan sinadarai a cakuɗe. A irin wannan wanki, masu saurin shiga misel ne ke fara fita, saboda haka yanayin gaurayen da ya rage a ƙasa yana canzawa yayin da aikin ke tafiya, kuma dole a riƙa sake auna yawan safaktan da ake bukata.