Maganin feshin hanci na ciwon endometiriyosis da na masu neman haihuwa: tambayoyin da mata suka fi yi

Wai me ya haɗa hanci da ciwon mara?

Kusan duk wacce likita ya miƙa wa kwalbar nan tambayarta ta farko kenan, wata ma sai ta ɗauka an yi kuskure an ba ta maganin mura. Ba kuskure ba ne. Maganin irin wanda ciki ke narkarwa ne kamar abinci, in da ƙwaya aka yi shi kika haɗiya da kafin ya kai jini ya lalace, shi ya sa ake bi ta allura ko ta hanci, don fatar cikin hanci siririya ce ga ƙananan jijiyoyin jini birjik. Guda biyu aka fi sani, nafarelin da ake sayarwa da sunan Synarel, sai buserelin mai suna Suprecur.

To in ya shiga jiki me yake yi?

Nan ne gundarin maganar. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar ƙaramar halitta, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, sunanta fituwitari, ita ke aika wa ma'ajiyar ƙwan mace saƙo cewa ta nunar da ƙwai ta kuma fitar da homon ɗin istirojin (homon sinadari ne da jiki ke fitarwa ya bi jini ya kai saƙo ga wani sashen jiki). Ita kanta fituwitari, ƙwaƙwalwa ce ke taɓa ta jefi-jefi da wani homon mai suna GnRH. Maganin feshin kwaikwayon wannan homon ɗin ne, sai dai shi ba jefi-jefi yake zuwa ba, kullum yana nan ya tsare ƙofa, kamar mai sallamar da ya ƙi tafiya, da farko a yi ta amsa masa daga baya a gaji a yi banza da shi. Toh haka fituwitari ke yi, bayan sati 2 zuwa 4 sai ta daina aika saƙon, istirojin ya sauka, al'ada ta ɗauke. Kin ga kamar an ara miki shekarun daina al'ada ne na ɗan lokaci.

Shi kuwa endometiriyosis, wato tsirowar nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wajen mahaifa, da istirojin yake rayuwa. In aka yanke masa shi sai ya lafa, ciwon ya ragu. Kuma ba ƙaramin ciwo ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, wajen miliyan 190.

Abin da ke tsayar da al'ada kuma ta ya zai taimaki mai neman haihuwa?

A dashen ƙwai na IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a waje sannan a dasa a mahaifa, likitoci so suke ragamar ta dawo hannunsu. Za a ba ki allurai da za su nunar da ƙwai da yawa lokaci guda, in jikinki ya yi gaban kansa ya sake su kafin ranar ɗiba ai an yi asarar zagayen gaba ɗaya. Feshin ne ke hana hakan. Sau da yawa ana farawa wajen rana ta 21 na zagayen al'ada, a duba da sikanin ko gwajin jini a ga komai ya kwanta, sannan a hau allurai. Amma feshin shi kaɗai ba ya kawo ciki, ko ga mai endometiriyosis ɗin, gara a faɗi wannan a fili.

Sau nawa ake fesawa?

Na Synarel don endometiriyosis, feshi 1 a kafar hanci ɗaya da safe, 1 a ɗaya kafar da yamma, kowanne maikirogiram 200, ana farawa tsakanin rana ta 2 da ta 4 na al'ada. Suprecur sau 3 ne a rana, kowace kafa. Na IVF lissafinsa daban ne, ki bi takardar asibitinki. Abin da zan nanata shi ne lokaci, ki saita alam a waya, don in kina tsallakewa fituwitarin farkawa take, ki ga jini ya ɓallo ko ƙwai ya fita ba shiri. Ki riƙa ƙirga feshin ma, don ruwan da ke saura a gindin kwalba ba lallai ya cika awo ba.

Na fara amma ciwon ƙaruwa ya yi, in daina?

A'a, kar ki daina da kanki. Satin farko zuwa na biyu istirojin hawa yake kafin ya sauka, lokacin da ake amsa wa mai sallamar nan kenan, ciwo kan ɗan tsananta, wata ta ga ɗigon jini. In ya wuce misali ko al'ada ta ƙi ɗaukewa bayan wata 2, ki koma wa likita.

Wace matsala yake kawowa?

Zafi ya taso miki farat ɗaya har zufa ta keto ko da dare, ciwon kai, bushewar gaba, raguwar sha'awa, ƙaiƙayin hanci, rashin barci, saurin fushi ko kuka ba dalili. Wannan na ƙarshen gaskiya ba a cika faɗa wa mata ba, ya kamata maigida ma ya sani tun kafin a fara, kuma in damuwar ta yi nauyi, musamman ga wacce ta taɓa fama da ita, a sanar da likita da wuri. Babbar matsalar dai ita ce wacce ba a ji, ƙashi na rage ƙwari in istirojin ya daɗe a ƙasa, dalilin da ya sa ba a wuce wata 6 kenan. Likitoci da dama kan haɗa da ɗan homon kaɗan, irin su tibolone ko norethisterone, ya kare ƙashin ya rage zafin ba tare da ya tayar da ciwon ba. In ba a yi miki maganarsa ba ki tambaya.

In na yi atishawa ko ina mura fa?

Mura ba ta hana shi aiki, ki fyace hanci kafin ki fesa. In kina amfani da maganin buɗe hanci, ki fara fesa na homon ki jira aƙalla minti 30, wasu takardun ma awa 2 suka ce. Atishawa nan take na iya rage abin da ya shiga, ki tambayi asibiti tun ranar farko ko maimaitawa za ki yi.

Tunda ba na al'ada, ba zan ɗau ciki ba ko?

Kar ki dogara da wannan. Ana iya ɗauka, balle in kin tsallake feshi, kuma ba a son maganin ga mai ciki ko mai shayarwa. Kwaroron roba ake ba da shawara, ban da ƙwayoyin tsarin iyali masu homon.

In na gama ciwon ya tafi kenan?

Al'ada kan dawo cikin wata 1 zuwa 3, kuma da dawowar istirojin ciwon ma na iya biyowa sannu a hankali, wata ta samu hutu mai tsawo wata ba ta samu ba. Shi ya sa tun kafin kwalbar ƙarshe ta ƙare ya kamata ku zauna da likita ku tsara abin da zai biyo baya, ƙwayoyi ne, robar mahaifa mai homon ce, tiyata ce, ko kuwa neman cikin za a shiga kai tsaye.