Wankin Ƙoda: Ku Daina Jira Sai Numfashi Ya Sarƙe

Akwai wani abu da ke ta maimaituwa a ɗakin wankin ƙoda, har ma'aikata kan gane shi tun daga bakin ƙofa. A turo mutum a keken marasa lafiya, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuska ta yi suntum, yana haki, ya kasa kwanciya sai an tokare shi da matasai uku. A buɗe katinsa, a tarar rabonsa da wanki kwana tara, wani ma sati biyu. A tambayi masu jinya, amsar ba ta canzawa: "Ai mun ga jikin da sauƙi, shi ya sa muka ce bari ya ɗan huta."

Wane hutu, jama'a? Sauƙin da kuka gani, wankin baya ne ya kawo shi. Sunan ma na ruɗar mutane. Ana cewa wankin ƙoda, sai a ɗauka ƙodar ake wankewa ta yi fes ta koma aiki. Jini ake wankewa. Inji riƙe wa ƙoda aikinta yake yi, ba ya warkar da ita. Gaskiya ne akwai ƙodar da kan tsaya farat ɗaya, bayan zubar jini ko amai da gudawa mai tsanani, wannan takan farfaɗo, kuma likita ne zai ce a tsayar da wanki bayan ya ga gwaji. Amma wadda hawan jini ko ciwon suga ya ci shekara da shekaru, wankinta ba na sau biyar ko goma ba ne. Lafiyayyar ƙoda awa 168 take aiki a sati. Inji kuwa awa 4 sau uku, awa 12 ke nan. A cikin 'yar 12 ɗin nan kuke son rage 4 ko 8?

Ga abin da ke faruwa idan aka tsallake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli. Mutum mai nauyin kilo 60, abin da za a iya cire masa lafiya lau a zaman awa 4 bai wuce wajen lita 3 ba. To sai ya zo da ƙarin kilo 6 ko 7. In nas ta matsa wa inji ya ja duka, jini ya faɗi, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, amai, jiri, wani har suma. In ta bi a hankali, ya koma gida da ruwa a huhu. Ga dattin jini ya taru fiye da kima, shi ma ba a kwashe shi da gaggawa, domin yin haka na kawo ciwon kai mai tsanani da ruɗewa, har da jijjiga. Dole a gajarta zama, a sake gobe, wataƙila da jibi. Kuɗin wanki ɗaya kuka so ku adana, ga shi kun biya na uku a jere, da kuɗin gado, da iskar oksijin, da gwaje-gwaje. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Ruwa ma da sauƙi, tunda ana ganinsa. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne sinadarin fotasiyam, wanda ake samu a abinci, yake taruwa a jini in ƙoda ta kasa fitar da shi. Ma'auninsa a jinin mai lafiya tsakanin 3.5 da 5 ne. Da ya haura 6 an shiga haɗari, kuma sau da yawa ba ya sallama: mutum na zaune yana hira, zuciya ta tsaya. Ko masu zuwa Litinin, Laraba da Juma'a ba fashi, tazarar kwana biyun ƙarshen mako ita ce mafi haɗari gare su. Ina ga mai kwana tara?

Mun san ba ganganci ne kawai ba. Kuɗi ne, kuma ba ƙaramin kuɗi ba. Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Amma a yi lissafin gaskiya tun ranar farko. Wanki sau uku a sati zama 13 ne a wata, 156 a shekara. Kowane zama na cin matatar jini, da robobin da jini ke bi, da allurai, da ruwan wanki, da maganin hana jini daskarewa, ga tataccen ruwa wajen lita 120. Bayan wannan akwai allurar ƙara jini ta EPO, da sinadarin ƙarfe, da magungunan hawan jini, da ƙwayar da ake haɗiya tare da abinci don kare ƙashi, da gwajin jini duk wata, da gwajin ciwon hanta da ƙanjamau lokaci-lokaci, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da ranar aikin mai rakiya. Dangi su zauna su raba nauyin wata-wata. Karo-karon da ake yi sau ɗaya cikin tausayi, wata biyu ya ƙare, daga nan kuma fashi ke farawa. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitinku ko akwai inshora ko tallafi.

In kuɗi ya gaza, ku faɗa wa likita ƙarara. Ba abin kunya ba ne. Wanda har yanzu ke fitsari da yawa, likita na iya tsara masa sau biyu a sati, da ranaku tsayayyu, da ƙa'idar ruwa da abinci mai tsauri. Wannan tsari ne da aka auna. Ku zauna a gida ku yanke da kanku cewa sai ya fara haki za a kai shi, wannan caca ce da rai. Haka masu ajiye wanki su tafi gwada jiƙe-jiƙe: ƙodar da ta kasa fitar da ruwan sha, ita kuke ɗura wa kofi-kofi na abin da ba a san me ke ciki ba?

Zaɓi kuma ba ɗaya ba ne. Wanda ake yi wa wankin inji, ya kamata ya fara duba hanyar da ake fitar masa da jini. Robar da ake sa wa a wuya ko a matsematsi ta gaggawa ce, ta matsematsi ma bai kamata ta wuce kwanaki kaɗan ba. Tana toshewa, tana shigar da ƙwayoyin cuta kai tsaye cikin jini, kuma kowane canji kuɗi ne. Abin da ya fi shi ne ƙaramar tiyata a hannu da ake haɗa jijiyoyin jini biyu, sunanta fistula (ba ruwanta da yoyon fitsari, suna ne kawai ya zo ɗaya). Sai ta yi sati 6 zuwa 12 kafin ta nuna a fara soka mata allura, don haka a yi ta da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wankin ciki, wanda ake yi a gida. Ana dasa siririyar roba a ciki, a zuba ruwan wanki kimanin lita 2, a bar shi awa 4 zuwa 6, a zubar a sa sabo, sau huɗu a rana, kowane canji kamar minti 30. Wasu na'ura ce ke yi musu da dare suna barci. Ba zaryar asibiti, kuma ya fi sassauci wajen ci da sha, amma yana son ɗaki mai tsafta, da wanke hannu kamar za a shiga tiyata, da tabbacin ledojin ruwan ba za su yanke ba. Ruwan da ya fito ya gurɓace, ko ciki ya ɗau ciwo, asibiti a ranar. Shi ma in ana tsallake canji, labarin ɗaya ne.

Dashen ƙoda, ga wanda ya dace, ya fi duka. Kuɗin farko na da nauyi, daga baya ya fi wanki sauƙi, sai dai maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙoda har ƙarshen rai ne. Nan ma fashi ke ɓata tafiya. Mai tsallake wanki da allurar EPO jininsa ke ƙasa, a yi ta yi masa ƙarin jini, yawan ƙarin jini kuma na sa jiki ya yi wa ƙodar wani tawaye. Tsohon da jiki ya yi rauni ƙwarai kuma, yana da damar ya zauna da likita su zaɓi kulawa da magani ba tare da wanki ba, a fili, da sanin iyali.

A taƙaice dai, ga na yau da kullum:

- Ranar wanki ba ta da madadi. In uzuri ya taso, a kira ɗakin wanki a sauya rana cikin satin.
- A cika awa 4. Kar a roƙi nas ta sauke ku a awa 3.
- A hau sikeli kowace safiya. Ƙari tsakanin wanki da wanki kar ya wuce kilo 2 zuwa 2 da rabi.
- Ruwan sha: adadin fitsarin jiya, a ƙara rabin lita, sai in likita ya ce daban. Shayi da romo duk a lissafi suke.
- A rage gishiri, shi ke kawo ƙishi. Gishirin nan na masu hawan jini fotasiyam ne, a guje shi. Ayaba, lemu, dankali da tumatir sai da awo.
- Ban da ibuprofen da diclofenac, suna ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙoda.
- Hannun fistula: ba awon jini, ba ɗiban jini, ba ƙarin ruwa, ba kwanciya a kansa. A taɓa kullum a ji yana kaɗawa. Ya yi shiru, asibiti nan take.
- Haki, kasa kwanciya, mutuwar jiki, bugun zuciya ya rikice, ko zazzaɓi da rawar sanyi ga mai roba a wuya: a tafi ko da tsakar dare ne, kar a jira ranar wanki.